Amsoshin Tambayoyinku: Tara Kalmomin Turanci Kafin Jarrabawa

Wani mai sauraro daga Birnin Gwari ya aiko da tambaya: yaya ɗalibi zai tara kalmomin Turanci don jarrabawar karatu da fahimta, alhali matsalar 'yan bindigar daji ta sha katse karatu a yankin?

To, a fara sanin abin da za a tarar. JAMB na kawo tambayoyi 60 a fannin Turanci. IELTS, wadda masu neman karatu a Ingila ke rubutawa, na ba da tambayoyi 40 a sashen karatu, a kan dogayen rubuce-rubuce uku cikin minti 60. Babu lokacin dogon tunani a kan kowace kalma.

Haddar ƙamus wahala ce kawai. Abin da ya fi amfani shi ne ɗalibi ya riƙa karanta jaridar Daily Trust kullum, ko da a waya ne, musamman labarin da ya riga ya sani, kamar na hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ko gandun dajin Kamuku. Sanin labarin zai taimaka masa cankar ma'ana. Ya rubuta baƙuwar kalma tare da jimlarta a ɗan littafinsa, ya waiwaye ta bayan kwana uku, sannan bayan mako.

Ga mai shirin IELTS kuwa, akwai jerin rukunan kalmomin ilimi 570 da Averil Coxhead ta fitar a shekarar 2000, kyauta a intanet.