Ga Mai Shan Amiodarone a Bauchi

Idan likitan zuciya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ya ɗora ka a kan amiodarone saboda rikicewar bugun zuciya, riƙe shi da muhimmanci. Yana ceton rai, amma yana daɗewa a jiki, har watanni bayan an daina sha.

Akwai sinadarin aidin mai yawa a cikinsa, don haka yakan taɓa maƙoshi, inda maƙoƙo ke fitowa. Yakan kuma taɓa hanta da huhu. Shi ya sa ake gwajin jini duk wata 6. Kada ka tsallake don ka ji sauƙi. Busasshen tari ko sarƙewar numfashi da suka taso maka kwatsam, kada ka ɗora wa ƙurar hunturu laifi, koma asibiti ranar nan.

Mai shan warfarin ko digoxin ya sanar da likita, domin amiodarone yana ƙara musu ƙarfi; ga mai shan warfarin, jini na iya tsinkewa. Haka mai shan jiƙe-jiƙen gargajiya, shi ma ya sanar da likita. Ranar Bauchi tana iya ƙona fatar mai shan amiodarone, sai a rufe jiki.

Kada ka sayo shi a kemis ba takardar likita. Kafin azumi kuma, tambayi lokacin da za ka riƙa sha.