Murar Karnuka

A Paraku da Jugu mutane da yawa suna kiwon karnuka, wasu don gadin gida, wasu don farauta. Kare ma yana yin mura kamar mutum. Yakan yi tari da atishawa, majina ta riƙa zuba, jikinsa ya yi zafi, ya ƙi cin abinci.

Wata ƙwayar cuta ce take kawo wannan mura. Ido ba ya ganinta. Iri biyu ce. Ta farko daga dawaki ta fito. An gano ta a jikin karnukan tsere a Amurka a shekarar 2004. Ta biyu daga tsuntsaye ta fito. An gan ta a Koriya ta Kudu a 2007, ta isa Amurka a 2015. A 2016 har kyanwoyi ta kama a can.

Murar dawaki kuwa ta taɓa zuwa kusa da mu. A ƙarshen 2018 ta ɓulla a Sakkwato, a 2019 ta bazu a Nijar, jakuna da yawa suka mutu. Mu ma muna da dawakin da ake hawa ranar Gani. Saboda haka ya kamata mu san yadda mura take yawo tsakanin dabbobi.

Murar karnuka tana bin hanya uku.

Ta ɗaya, iska. In kare mai mura ya yi tari ko haushi, ƙwayar cutar takan fito, na kusa da shi ya shaƙa.

Ta biyu, kaya. Ƙwayar tana iya kwana biyu da rai a kan kasko ko igiya.

Ta uku, mu kanmu. Yaro yakan shafa wannan kare, ya je ya shafa wancan. Ƙwayar tana iya yin awa 12 a hannu, awa 24 a riga.

Wani kare yana ɗauke da cutar amma ba ya tari. Shi ma yana iya sa wa wasu.

To, me za mu yi? Mu ware kare marar lafiya wajen mako huɗu. Kada ya ci a kasko ɗaya da sauran karnuka ko kyanwa. Mu wanke kaskonsa da hannuwanmu da sabulu. Mu gaya wa babba ya kira likitan dabbobi. Yawancin karnuka sukan warke cikin mako biyu ko uku. Rigakafi ya fi magani.

Kalmomi
kare: le chien
kyanwa: le chat
mura: la grippe
tari: la toux

Tambayoyi
1. Daga waɗanne dabbobi murar karnuka ta fito?
2. Faɗi hanyoyi uku da take bi.
3. Don me za ka wanke hannu in ka taɓa kare?