Kwalba Ba Ta Son Gaggawa

 Ɗana, labari ya iso mini cewa ka tara tsofaffin rediyoyi a ɗakinka, kana son haɗa amfilifaya mai kwalba da hannunka. Na ji daɗi ƙwarai. Na san a nan Kaugama wasu za su ce, me ya kai shi tonon abin da duniya ta wuce? Kada ka ji haushinsu, ba mugunta ba ce. Su sauti suke so, wayar hannu kuwa ta ba su. Kai sani kake nema. To, matso kusa in faɗa maka 'yan kalmomi.

Fara sanin abin da ke hannunka. Kwalbar nan an zuƙe iskar cikinta. Akwai wani siririn zare da wuta ke ɗumamawa, galibi da bolt 6.3. In ya yi ja, sai ƙwayoyin lantarki su tashi su nufi farantin ƙarfe da ke kewaye. A tsakani akwai 'yar raga. Ita ce mai hukunci. Ka dubi mai ban ruwa a fadamar Haɗeja: da 'yar fartanya yake buɗe bakin hanyar ruwa, ya rage, ya ƙara, ruwa mai yawa yana bin umarnin hannu ɗaya. Haka ƙaramin sauti yake zuwa kan ragar, ya juya babbar wuta, lasifika ta amsa.

Abin yana da asali. John Ambrose Fleming ya ƙirƙiro kwalbar farko a Ingila a 1904. Lee de Forest na Amurka ya ƙara mata raga a 1906. Lokacin da BBC ta fara watsa shiri da Hausa a 1957, akwatunan rediyo da yawa masu kwalba ne. Sai an kunna an jira su ɗumama kafin murya ta fito. Tiransista, wadda aka gano a 1947, ta zo daga baya ta karɓe kasuwa, don ba ta zafi kamar kwalba kuma batir kaɗan ya ishe ta. Amma masu haɗawa a gida ba su daina ba. A 1947 ɗin nan ne wani mai suna Williamson ya buga zanen amfilifayarsa a mujallar Wireless World, mutane suka yi ta kwaikwaya a ɗakunansu. Har yau ana ƙera kwalabe a Rasha da Sin da Sulobakiya. Ka ga kana da 'yan'uwa a duniya.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi a zuciyata. Farantin kwalba irin EL84 yana aiki da bolt 250 zuwa 300. Wannan wuta tana kisa, ɗana. Kuma ko ka zare fulogi, kondensa tana riƙe da ita. Mutum ya ga ya kashe, ya saki jiki, ya kai hannu. Don haka ka ɗaura wa babbar kondensa rezistan da zai riƙa tsiyaye cajin. Duk da haka ka auna da mita kafin ka taɓa. In za ka auna tana kunne, hannu ɗaya a aljihu, don kada wuta ta ratsa ƙirji. Ka sa takalmin roba. Kada ka yi aiki a ƙasa mai danshi, ka san yadda ɗakunanmu ke tsatsafo a watan Agusta. Ka sa fis, ka haɗa jikin ƙarfen da wayar ƙasa. Wasu tsofaffin rediyoyi ba su da tiransifomar wuta, jikinsu na iya ɗaukar wutar bango kai tsaye. Irin waɗannan ka ciri kwalba kawai, ka bar sauran. Rigakafi ya fi magani. Mahaifiyarka ta fi son ganinka da jin kowane sauti.

Ƙannenka kuma za su zo kallo, don jan hasken kwalba yana kiran yara. Kada ka kore su da tsawa. Ka nuna musu daga nesa, ka yi wa na'urar murfi mai huji, ka kulle ɗaki in za ka masallaci.

Ka fara da ƙarami. Kwalba ECC83 ɗaya a gaba, EL84 ɗaya a baya, za su ba ka wat 3 zuwa 5. Kada ka raina. Zai cika ɗakinka. Wanda ya fara da babba, in abu ya lalace bai san inda zai duba ba, sai ya yi zuciya ya watsar. Sannu ba ta hana zuwa. Ka zana komai a takarda tukuna. Ka riƙe dokar Ohm kamar sunanka, ka lissafa wutar da za ta bi kowane rezista kafin ka narka dalma.

Inda za ka sha wahala shi ne tiransifomar fita. Kwalba tana son nauyin da ya kai om 5,000, lasifika kuwa om 8 ce ko 4. Tiransifoma ce ke sasanta su. In ba ka samu a Sabon Gari a Kano ba, ka je wurin masu naɗin koyil na fanka da janareta a Haɗeja. Ka gaishe su da ladabi, ka zauna ka koyi ƙirgen zagaye. Tsofaffin masu gyaran rediyo ma ka neme su. Tambaya rabin ilimi ce, kuma dattijo yana jin daɗin a tambaye shi. Ka kiyaye wannan: kada ka taɓa kunna amfilifayar babu lasifika a jone, tiransifomar na iya ƙonewa, wahalarka ta tafi a banza.

Ranar kunnawar farko, ka jera ƙwan fitila mai zare na wat 60 a kan hanyar wuta. In ya haska ya dushe, alhamdu lillahi. In ya tsaya da haske sosai, akwai gajeriyar hanya a ciki, kashe ka duba. In ka ji gunji a lasifika, kada ranka ya ɓaci. Ka murɗe wayoyin zare biyu tare, ka nisanta su daga mashigar sauti, ka tara wayoyin ƙasa a wuri guda.

Ka tuna da garinmu. Zafin Afrilu yana wuce digiri 40, kwalba kuma da nata zafin, sai ka bar mata iska. Ƙurar hunturu, ka share da buroshi bayan ta huce. Wutar da ke hawa da sauka tana rage wa zare kwana, don haka sitabilaiza ba almubazzaranci ba ce. In sola kake amfani da ita, ka sani kwalba tana cin wuta ninkin-ba-ninkin abin da take ba lasifika.

Kuɗin makaranta da na cefane kada su shiga cikin wannan sha'awa. Maƙwabci mai barci ko mara lafiya yana da hakki a kan sautinka. In ka ga zuciyarka ta zauna a nan, sashen injiniyan lantarki na Jami'ar Bayero yana nan, ka sa shi a ranka. Hannun da ya saba auna kafin ya taɓa zai yi amfani a gyaran inbata, da famfon sola, da na'urar asibiti. Garinmu yana bukatar irin wannan hannu.

Allah ya tsare ka, ya sa albarka a abin da kake koyo, ya ba ka ikon koya wa na bayanka. Ka gaida mutanen gida.