Amsar Tambaya: Neman Bizar Zuba Jari a Ƙasashe Biyu

Tambaya: Malam, zan iya neman bizar masu zuba jari a Amurka da Dubai lokaci guda, don kada in yi biyu babu?

Amsa: Alhaji, za ka iya, amma jari ɗaya ba ya hawa doki biyu. Shirin EB-5 na Amurka yana bukatar aƙalla dala 800,000 da samar da ayyuka 10. Dubai kuwa, gida na dirhami miliyan 2 zai ba ka izinin zama na shekara 10.

Inda na fi jin tsoro shi ne takardu. Za a bi asalin kuɗinka daki-daki: rasit ɗin haraji, bayanan banki, takardar filin da ka sayar. In fom ya tambaya ko an taɓa hana ka biza, don Allah faɗi gaskiya, ƙarya ɗaya tana iya rufe maka ƙofar Amurka har abada.

Kuma katin zaman Amurka da EB-5 ke bayarwa sai da zama a can, har ribar shagonka na gida hukumomin can za su nemi bayaninta. Ka sami lauyan kowace ƙasa daban, ka tabbatar shirin yana nan, domin Birtaniya ta rufe nata a 2022.