DARASI A KAN RAWAR IDO DA ZILLON TSOKA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya daidaita gaɓoɓinsa, kuma Ya keɓanta da sanin gaibu. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani abu ƙarami a jiki, amma babba a zukatan waɗanda ya dama. Shi ne motsin nan da mutum kan ji a fatar idonsa, ko a sha-raɓarsa, ko a damtse, ko a gindin babban yatsa. Tsoka ta riƙa zillo ita kaɗai, babu ciwo babu kumburi, ta bari, ta sake dawowa. Wani yini ɗaya yake yi masa, wani mako, wani har watanni.

Tambaya a kan wannan ta yawaita a nan Matameye da ƙauyukan Kance. Dattijo yakan tambaya: baƙo ne zan gani, ko labarin rasuwa ne ke tafe? Saurayi mai wayar salula kuwa ya riga ya bincika cikin dare, ya ci karo da sunan wani mugun ciwon jijiya, barci ya ƙaurace masa. A ganinmu tambayar guda ce, domin kowannensu yana so ne ya karanta gobensa a jikin tsoka.

CAMFI

Fassara motsin gaɓoɓi tsohon abu ne. Larabawa suna kiran wannan motsi "ihtilaji", har an rubuta ƴan littattafai a kansa, ana bin jiki gaɓa-gaɓa ana faɗin abin da motsin kowace ke nufi. Waɗansu ma an jingina su ga Ja'afarus Sadik ko ga Annabi Daniyal don su karɓu, alhali babu wata hujja a kan jinginawar. Wanda ya kwatanta maganar al'ummu zai ga rauninta da kansa. A ƙasar Sin ana cewa rawar idon hagu dukiya ce, ta dama kuwa masifa. A Indiya ta dama alheri ce ga namiji, ta hagu ga mace. Ido dai ɗaya ne, fassara ce ta rarrabu.

Shari'a ta sanya irin wannan a babin "ɗiyara", wato shu'umci da abin da aka gani ko aka ji. Alƙur'ani ya ba da labarin mutanen Fir'auna suna shu'umci da Annabi Musa (A.S.) a Suratul A'arafi aya ta 131, da Samudawa suna yi da Annabi Salihu (A.S.) a Suratun Namli aya ta 47. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Ibnu Mas'ud (R.A.) hadisin da ya kira ɗiyara shirka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma, a cikin Nurul Albabi, ya yi kakkausan gargaɗi ga masu da'awar sanin gaibu ta hanyar bugun ƙasa da taurari da kukan tsuntsaye.

Amma a lura da rahamar da ke cikin hadisin Mu'awiya ɗan Hakam (R.A.) wanda Muslim ya ruwaito. Da ya faɗa wa Manzon Allah (S.A.W.) cewa a cikinsu akwai masu shu'umci, sai aka amsa masa da cewa abu ne da suke ji a ƙirazansu, kada dai ya hana su abin da suka nufa. Ashe faɗuwar gaba ba ita ce laifin ba. Laifin shi ne mutum ya fasa tafiya kasuwa, ko ya ɗage ɗaurin aure, saboda idonsa ya yi rawa.

ABIN DA LIKITOCI SUKA SANI

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, kowace tsoka tana ƙarƙashin umurnin jijiyoyi ne. Kowane zaren jijiya yana riƙe da wani ɗan ƙulli na zaren tsoka, kuma ba ya motsa shi sai saƙo ya zo daga ƙwaƙwalwa. To, wani lokaci bakin jijiyar kan harba shi kaɗai ba da umurni ba, sai wannan ɗan ƙulli ya zabura, a gan shi ƙarƙashin fata. Zillon ke nan. Mafi yawan masu lafiya sun taɓa jin sa.

Abubuwan da ke ƙara shi sanannu ne, kuma duk muna da su a gida. Akwai ƙarancin barci da gajiyar noma. Akwai zufa mai yawa a lokacin bazara, wadda ke fitar da ruwa da gishirin jiki. Akwai sinadarin kafeyin da ke cikin goro da Nescafé da shayi. Matashin da ya zauna a fada ya shanye na fari da na biyu da na uku, sannan ya kwana yana kallon waya, bai kamata ya yi mamaki ba in fatar idonsa ta yi rawa da safe. Waɗansu magunguna ma suna kawo shi, kamar maganin asma na shaƙa, sai dai wannan ba a barin sa sai da izinin likita. Ƙwayar tramol da waɗansu ke sha don ƙarfin aiki kuwa ba zillo kaɗai take kawowa ba, tana iya kai mutum ga jijjiga irin ta farfaɗiya.

Sai babbansu, wato tsoro. Idan mutum ya tsorata, jiki yana sakin sinadarin da ke sa zuciya bugawa da sauri, jijiyoyi su zama masu saurin harbawa. Zillo ya kawo tsoro, tsoro ya ƙara zillo. Wanda kuma ya kasa kunne yana sauraron jikinsa zai ji abin da jiya ma yana nan, bai dai kula da shi ba.

Ciwon da matasa ke gani a waya shi ne wanda a Faransanci ake kira ciwon Charcot, da sunan likitan da ya siffanta shi a birnin Paris a ƙarni na 19. Ciwo ne mai tsanani, amma ba kasafai ake samun sa ba: a ƙasashen Turai kimanin mutum 2 cikin 100,000 ne yake kamawa a shekara, kuma galibi manya ne. Babbar alamarsa rauni ne na zahiri da ke ƙaruwa: hannu ya kasa ɓalla maɓalli, ƙafa ta riƙa jan ƙasa, tsoka ta zube, harshe ya yi nauyi. A shekarar 1993 likitocin asibitin Mayo na Amurka sun buga sakamakon bibiyar mutum 121 masu zillon tsoka, waɗanda gwajin jijiya bai nuna musu wani ciwo ba. An bi su tsakanin shekara 2 zuwa 32, kuma ko ɗaya daga cikinsu bai kamu da wannan ciwo ba.

Kada mai wannan damuwa ya ɗauka jahilci ne ke damunsa. A 2013 waɗansu likitocin jijiya a birnin Sidni na Ostareliya sun yi rubutu a kan ƴan'uwansu likitoci da suka zo musu a firgice saboda zillon tsoka, aka duba, aka tarar mafi yawansu babu abin da ke damunsu sai zillon da fargabar. Ilimi kaɗai ba ya korar waswasi.

HUKUNCIN MAI KOKWANTO

A nan ne fiƙihu ya riga mu hanya. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Zaidu (R.A.) cewa an kai wa Annabi (S.A.W.) kukan mutumin da ke jin kamar wani abu ya fita daga gare shi yana cikin salla. Sai aka umurce shi da kada ya juya har sai ya ji sauti ko wari. Ku dubi wannan da kyau, ya ku ƴan'uwa. Mutumin ba ƙarya yake yi ba, lallai ya ji motsi a jikinsa. Amma ba a bar shi ya gina hukunci a kan motsin ba, an mayar da shi ga alama bayyananniya. Daga irin wannan hadisi ne malamai suka ciro ƙa'idar cewa kokwanto ba ya gusar da yaƙini.

Mai karatun Risala zai ce: ai a mazhabarmu ta Malikiyya kokwanton kari yana wajabta sake alwala. Haka ne. Amma malamanmu sun cire mutum ɗaya, shi ne "mustankihi", wanda kokwanto ya aure shi, yana zo masa kowace rana ko da sau ɗaya. Shi an ce ya kau da kai, ya ci gaba da sallarsa. Ahalari ma ya umurci mai waswasi da ya bar waswasinsa. Hikimar a fili take: duk lokacin da ya sake alwala don ya samu natsuwa, natsuwar ta ɗan lokaci ce, kokwanton kuma ya dawo da ƙarfi fiye da da.

Wannan shi ne ainihin halin mai waswasin ciwo. Sake alwalarsa ita ce ya riƙa duba harshensa a madubi, yana matsa damtsensa, yana tafiya a kan yatsun ƙafa don ya gwada ƙarfinsa, yana komawa waya kowane dare, yana yawo daga wannan likita zuwa wancan mai magani. Masana lafiyar ƙwaƙwalwa na yau sun tabbatar da cewa yawan dubawa da neman tabbaci su ne abincin wannan damuwa, kuma hanyar warkar da ita ta ƙunshi koyon barinsu sannu a hankali. Tun kafin su, Abu Zaid Al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan Hijira, ya ware babi a kan waswasi a littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya shawarci mai shi da ya guji kaɗaici da zaman banza.

To, daga ina yaƙinin zai zo? Daga wurin masu sani. Wanda zillo ya daɗe masa makonni, ko ya hana shi sukuni, ya je asibitin Matameye, ya faɗi gaskiyar abin da yake sha da yadda yake barci, a gwada ƙarfin gaɓoɓinsa. In an ga dalili, za a tura shi babban asibitin ƙasa na Damagaram. Wannan ba ya cin karo da tawakkali, domin Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Usama ɗan Sharik (R.A.) umurnin neman magani. In likita ya duba ya ce lafiya lau, wannan shi ne yaƙininsa. Ya riƙe shi, kada ya warware shi sai da sabuwar alama bayyananniya.

ALAMUN DA BA A JIRA DA SU

Sautin da warin a wannan babi su ne rauni na gaske, da zubewar tsoka, da nauyin magana ko haɗiya, da motsin da ke jan ɓarin fuska har ya rufe ido. Waɗannan a kai su ga likita ba da jinkiri ba.

Akwai kuma waɗanda ko kwana ba a yi da su. Manomin da ya yi feshin maganin ƙwari a wake ko a lambu, sannan tsokokinsa suka shiga zillo tare da dalalar miyau da zufa da amai, guba ce ta shige shi. A tuɓe masa tufafi, a wanke shi da sabulu, a garzaya da shi. Haka wanda haƙoransa suka sarƙe bayan ya taka ƙusa ko ƙaya, da mai ciki da ke jijjiga ko ciwon kai mai tsanani da kumburi, da yaron da ke jijjiga da zazzaɓi, da wanda bakinsa ya karkace farat ɗaya, da yaron da ƙafarsa ta saki nan take. Sanƙarau kuwa ba baƙo ba ne a gare mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum 559 da ya kama a jihar Damagaram daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, 18 suka rasu, kuma yankin Matameye ne ya bi na Dungas a yawan waɗanda suka kamu. Abin takaici, sai ka ga mutum ya kwana bakwai bai runtsa ba saboda rawar ido, alhali a gidan maƙwabcinsa an kwana uku ana jiƙe-jiƙe ga yaron da wuyansa ya sandare.

Ga iyaye da mata da abokai kuma: kada a yi wa mai wannan damuwa dariya, kada a ce masa raunin imani ne, kada kuma a yi saurin ce masa sammu ne ko iska, domin wannan ƙarin tsoro ne a kan tsoro, kuma zargi ne ga bayin Allah ba da hujja ba. A raka shi asibiti. Bayan nan in ya sake tambaya karo na goma ko an ga hannunsa ya rame, a tuna masa da taushin murya abin da likita ya faɗa, a ja shi zuwa gona ko masallaci ko zumunci. Ya rage shayi da goro, ya ajiye waya bayan lisha, ya lazimci zikirin safiya da maraice don neman kusanci ga Ubangijinsa, ba don ya zauna yana jiran ya ga ko tsokar za ta tsaya ba. In damuwar ta kai ga hana shi ci ko barci ko aiki, to ita kanta ta zama ciwo, kuma tana da magani a wurin likita. A koma a faɗa masa haka ƙarara.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.