Mu Yi wa Motar Ƙungiya Rumfa

'Yan'uwa manoma, motar da take kwana a fili, rana tana fasa tayoyinta, ruwa yana sa ta tsatsa. Guminmu ne yake lalacewa. Mu kafa mata rumfa da hannunmu kafin damina.

Mu fara auna motar, mu ƙara ƙafa 3 kowane gefe domin buɗe ƙofa. Dirkoki 6 sun isa. Kirya ta fi, gama gara ba ta cinta da sauri. Rami ya kai ƙafa 2, mu cika shi da tsakuwa, mu daddaɓe.

Hadari daga gabas yakan taso, saboda haka bakin rumfa ya dubi yamma. In kwano za mu sa, mu buga ƙusa a kan tudunsa, ba cikin kwarin ba, domin kada ya yi yoyo.