Kwandalar Rumawa a Intanet: Yadda Za Ka Gane Jabu Kafin Kuɗinka Su Tafi

'Yan uwana ɗalibai, a cikin hajojin da ake tallatawa a intanet yanzu har da tsofaffin kuɗin daular Rum. Za ka ga hoton wata 'yar kwandala baƙa-baƙa da kan sarki a jiki, an rubuta cewa ta shekara 1,800 a duniya, wai in ka saya dala ashirin gobe za ka sayar ɗari biyu. Ga ɗalibi mai neman abin juyawa, ko mai son tarihi kawai, wannan tayi ne mai jan rai. Matsalar ita ce jabu sun cakuɗe da na gaskiya, kuma in kuɗin rajistarka suka tsallaka teku, to sai dai haƙuri. Abin daɗin shi ne, yawancin abin da ake buƙata don rarrabe su mun riga mun koya a wokshop da lab. Kwandala ƙarfe ce, ƙarfe kuwa ba ya ɓoye yadda aka sarrafa shi.

Fara sanin abin da kake saye

Fitaccen kuɗin Rumawa shi ne denarius, na azurfa, wanda aka fara bugawa wajen shekara ta 211 kafin Miladiyya. Daga sunansa ne Larabawa suka sami dinar, mu kuma muka ce dinari. A zamanin sarki Agustus nauyinsa kusan giram 3.9 ne, faɗinsa milimita 18 zuwa 20. A shekara ta 64 Miladiyya sarki Nero ya rage shi zuwa wajen giram 3.4. Akwai sestertius, babba ne na tagulla, mai kai giram 25 ko fiye. Akwai solidus na zinariya da Konstantin ya kawo, giram 4.5.

Sannan ka cire tunanin cewa duk tsohon abu tsada gare shi. Rumawa sun buga kuɗi miliyoyi. A 2010, a wata gona kusa da garin Frome a Ingila, an tono tulu guda ɗauke da kwandaloli 52,503. Shi ya sa ƙananan na tagulla na zamanin Konstantin, na gaske fa, ana samunsu da 'yan daloli kaɗan. Waɗanda 'yan jabu suka fi kwaikwayo su ne masu tsada, wato na zinariya da na sanannun mutane irin su Yuliyus Kaisar da Nero.

Bugu aka yi, ba zubi ba

Wannan shi ne jigon darasin. Rumawan zamanin sarakuna da guduma suke buga kuɗi. Ana ɗora ɗan gutsuren ƙarfe a kan hatimi mai zanen fuskar sarki, a ɗora wani hatimin a sama, a maka masa guduma. Ƙarfen sai ya malala zuwa gefe, ya bar wasu siraran layuka masu fita daga tsakiya kamar hasken rana, musamman a gindin haruffa. Sau da yawa bakin kwandalar kan ɗan tsattsage, zanen kuma ya karkace gefe guda.

Mai jabu na araha shi kuwa zubi yake yi. Zai danna kwandalar gaskiya a cikin yashi ko roba ya fitar da siffarta, ya narka ƙarfe ya zuba. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwane a Panteka ta Kaduna ya san abin da zubi ke bari. Na farko, layin haɗi a zagayen baki, inda ɓari biyu na mazubin suka haɗu. In an goge shi za ka ga sawun magagari. Na biyu, ƙananan ramuka ko ƙuraje na iskar da ta maƙale. Na uku, haruffa da gashin kan sarki su yi laɓo-laɓo kamar sabulun da ya kwana a ruwa. Saboda haka kafin ka biya ko kwabo, ka ce a turo maka hoton bakin kwandalar. Mai sayarwar da ya fara kame-kame a kan wannan ya riga ya ba ka amsa.

Sikeli ya fi labari

In kayan sun zo hannu, sa su a sikelin lab mai nuna ɗigo biyu ko uku. Denarius na Agustus da ya nuna giram 5, ko 2.5 alhali bai side ba, akwai magana. Kwafin zubi kuma yakan ɗan fi asalinsa ƙanƙanta, domin ƙarfe na tsukewa in ya huce.

Sai gwajin Arkimidis da muka yi tun ND 1. Ɗora kofin ruwa a sikeli, ka mayar da shi sifili. Ɗaure kwandalar da siririn zare ka nutsa ta ba tare da ta taɓa ƙasa ko gefe ba. Raba nauyinta na busasshe da lambar da ta fito. Azurfa tsantsa tana ba da wajen 10.5, jan ƙarfe 8.9, dalma 11.3, zinariya 19.3. Misali, giram 3.80 a raba da 0.37 ya ba da kusan 10.3, wannan ya yi daidai da denarius na farkon zamanin sarakuna. In ka sami 8.5, an shafa wa wani ƙarfen ruwan azurfa ne. Amma a kula: tun daga zamanin Nero Rumawa da kansu suka yi ta rage azurfar, har zamanin Galiyenus, wajen shekarun 260, ba ta kai kashi 5 cikin ɗari ba. Don haka ka san zamanin kafin ka yanke hukunci.

Maganaɗisu ma yana da amfani. In ya kama ta azurfa ko ta zinariya, alamar jabu ce. In bai kama ba, ba shaida ba ce. Kuma don Allah kada ka kankare ta, kada ka ɗiga mata asid, kada ka jefa ta a siminti don jin ƙara. Tsohuwar azurfa tana iya karyewa, ka ga garin neman gira an rasa ido.

Karanta rubutun jikinta

Rumawa ba su san lissafin "kafin Miladiyya" ba, an ƙirƙiro shi ne bayansu. Duk kwandalar da ka ga an buga mata shekara irin tamu, ta wasan yara ce. A rubutunsu V ke tsayawa a madadin U, shi ya sa za ka ga AVG. Yawancin na tagulla na farkon zamanin sarakuna suna da S C a baya. Akwai rumbun OCRE na ƙungiyar masana kuɗi ta Amurka, kyauta ne a intanet. Nemo sunan sarkin, ka gwada rubutu da hoto da nauyi. In ka ga WRL ko COPY a jiki, kwafi ne na ado da aka yi a fili. A Amurka dokar 1973 ta wajabta sa alamar COPY. Wasu na goge ta su sayar a matsayin ta gaske, don haka ka lura da wurin da ya yi sumul ba dalili.

Wani abin kuma: tunda da hannu aka buga kowace, ba a samun biyu masu baki iri ɗaya da tsaga iri ɗaya sak. Saka hoton a Google Lens. In ka ga tagwayenta a wurin mutum uku, uwarsu ɗaya ce, wato mazubi. Koren tsatsar tagulla ta gaske kuwa cin ƙarfen take yi tsawon ƙarnoni. In auduga da asiton suka ɗebo launi, fenti ne.

Inda dabarunmu suka tsaya

Gaskiya akwai gwanayen da sikeli ba ya kamawa. Bajamushe Carl Wilhelm Becker, wanda ya rasu a 1830, da hannu yake sassaƙa hatimi ya buga a kan azurfa ta gaske, har masana suka ruɗe. Na yau suna amfani da injin matsi. Irin wannan sai ƙwararre mai idon da ya ga dubbai.

Kuma ko ta gaske ce, sai ka tambayi hanyar da ta biyo. A Oktoba 2020 an sayar da wata ta zinariya mai rubutun EID MAR, wadda Burutus ya buga a 42 kafin Miladiyya don tuna kashe Kaisar, a kan sama da fam miliyan 3 a Landan. Ta gaske ce, amma takardun asalinta na ƙarya ne, a 2023 aka mayar da ita Girka. Ƙasashe irin su Italiya, Girka, Turkiyya da Masar sun hana fitar da irin waɗannan kaya ba izini.

Shawarata a taƙaice: fara da ta tagulla mai araha daga dillalin da ya rubuta nauyi da faɗi, ya kuma yarda a rubuce zai karɓi kayansa duk ranar da aka gano jabu ne. Ka biya ta hanyar da za ka iya neman a dawo maka da kuɗi. Wanda ya ce maka "kakana ne ya tono" ko "saura awa ɗaya a rufe", bar shi da kayansa, kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Kuɗin makaranta kuwa ba jari ba ne. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa.